Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Jawabin da wakilan masu sana'ar mota suka gabatar a taron ƙungiya a Bagama, Suleja, game da aljihun ɓoye da ake yi wa motoci don fasa-ƙwauri.



Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu da limamanmu, shugabannin tasha da na gareji, iyayenmu mata, 'yan'uwa matasa, muna yi wa kowa barka da zuwa. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, muna roƙon ku ba mu aron hankalinku na ɗan lokaci. An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani abu da kusan kowa ya san da shi, amma ba a cika son faɗarsa a bainar jama'a ba. Watau aljihun ɓoye da ake yi wa mota don ɗaukar kayan da hukuma ta hana, da kuma batun ko ya kamata doka ta haramta yin aljihun shi kansa, ko da an buɗe ba a sami komai a ciki ba.

Da farko bari mu fayyace abin da muke nufi. Aljihun ɓoye wuri ne da ake ƙirƙira a jikin mota, wanda kamfanin da ya ƙera ta bai san da shi ba, aka kuma rufe shi yadda mai bincike zai duba ya wuce bai gani ba. Wata babbar motar daɓe biyu ake yi mata, wata a raba tankinta gida biyu, wata a cikin ƙofa, wata a bayan kujera. Ba za mu tsaya bayanin yadda ake yi ba, don ba makarantar koyon wannan aka tara mu ba. Abin da muke so a riƙe shi ne, mota ba ta fitowa daga kamfani da wannan aljihu. Hannu ne yake yin sa: hannun mai walda, da mai gyaran bodi, da mai ɗinkin kujera, da mai wayarin. Kana kuma hannun direba ne yake jan motar. To, jama'a, waɗannan sana'o'i namu ne. Da su da yawa daga cikinmu suka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya suka zo nan, da su aka yi aure, da su aka gina gidajen da muke ciki.

GARINMU A BAKIN HANYA YAKE

Wani zai ce ina ruwan Bagama da fasa-ƙwauri, alhali ba a bakin iyaka muke ba? Mu ba Jibiya ba, mu ba Illela ba, mu ba Maigatari ba. Gaskiya ne. Amma ku dubi inda Allah Ya ajiye mu. Wannan gari shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828. Bayan an ƙirƙiro babban birnin tarayya a 1976 aka ɗauki sunan aka ba sabon birni, garinmu ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Tun daga ranar 12 ga Disamba 1991 da gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja, Suleja ta zama ƙofar shiga da fita. Motar da ta taso daga Lakwaja ta biyo Abaji da Gwagwalada da Zuba, sai ta ratsa Madalla ta gefen Dutsen Zuma kafin ta miƙa Tafa da Kaduna. Wadda ta taso daga Legas ta biyo Ilori da Jebba da Mokwa da Bida, ta Lambata da Dikko take fitowa. Jihar Neja kuma tana da tata iyaka da ƙasar Benin ta wajen Babanna a ƙasar Borgu. Saboda haka kayan da aka shigo da su ta ruwa, da wiwin da ake nomawa a dazuzzukan Ondo da Edo, da abin da ke gangarowa daga arewa, kusan duka sai sun shafi ƙasarmu kafin su isa inda za su. Inda motoci ke tsayawa kuwa, nan ake neman makanike, nan ake canjin direba, nan ake ba da saƙo.

Fasa-ƙwauri ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da Ingila da Faransa suka ja layi suka raba Katsina da Maraɗi, suka raba Sakkwato da Ƙonni, mutane suke tsallakawa da gyaɗa da atamfa da taba sigari da gwanjo. Iyayenmu da yawa ba su ma ɗauke shi laifi ba, ganin suke kasuwa ce tsakanin dangi. Duk lokacin da gwamnati ta ƙara matsawa kuwa, farashin nan da na can sai su ƙara nisa da juna, riba ta ƙaru. An rufe iyakoki daga 1984 zuwa 1986. A 2016 aka hana shigo da shinkafa ta iyakar ƙasa, a farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta nan. A watan Agusta 2019 aka sake rufe iyakoki, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020, a tsakanin nan har aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Shekara da shekaru arhar man fetur ta sa ana faɗaɗa tankin ƙananan motoci ana tsallakawa da shi Nijar da Benin da Kamaru. Ko bayan an janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 abin bai mutu ba, domin a 2024 sai da hukumar kwastan ta kafa runduna ta musamman don masu fitar da mai.

ABIN DA KE CIKIN ALJIHUN YA CANJA

Amma a nan muke so a natsu. Shinkafa kaya ce mai nauyi, ribarta a yawa take. Lalle an sha kama ta a cikin tankar mai, wanda wannan ma cuta ce ga wanda zai ci. Sai dai mutum ba zai kashe maƙudan kuɗi a tsaga masa mota a yi masa wurin da bai fi faɗin tabarmar salla ba don ya sa buhun shinkafa. Abin da ke biyan kuɗin irin wannan aiki shi ne abu ƙarami mai tsada, watau ƙwaya, da hodar iblis, da wiwi, da harsashi, da bindiga.

Ku ji abin da ƙwaya ta yi mana. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye a Nijeriya, ban da giya da taba. Watau kusan mutum ɗaya cikin bakwai ke nan. Daga ciki miliyan 10.6 masu shan wiwi ne, miliyan 4.6 kuma masu shan magunguna irin su taramol ba bisa umarnin likita ba. Taramol da aka amince a sayar a asibiti mai ƙarfin 50 ne da 100, amma wanda ake shigowa da shi a ɓoye har mai 225 akwai. A watan Mayu 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Tun da aka hana shi a kanti, ta ina yake zuwa? A mota yake zuwa. Kuma ba 'ya'yan wasu can suke sha ba. Kowa a nan ya san gidan da yaro ya lalace, ko matar aure da aurenta ya mutu a kan kwalba.

Ga kuma batun makamai. Mu mutanen Suleja ba a ba mu labarin tashin hankali. Mun ga abin da ya faru a ofishin hukumar zaɓe na garin nan ranar 8 ga Afrilu 2011, da abin da ya faru a Madalla ranar Kirsimeti ta wannan shekara. A jihar nan aka kwashe ɗalibai a Kagara cikin Fabrairu 2021, aka kwashe 'yan Islamiyya a Tegina cikin Mayu na shekarar. Ranar 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Mutanen Shiroro da Munya da Rafi nawa ne suka bar gonakinsu? Harsashi ba a daji yake tsirowa ba. Ta hanya ake kai shi, tare da ƙwayar da ɗan bindiga zai sha ya bushe zuciya. Direban da ya kai, wata rana shi za a tare a wannan hanya.

ABIN DA DOKA TA CE

To, me doka ta tanada? Tsohuwar dokar kwastan ta 1958 ta ce idan kaya suka cancanci a ƙwace, to motar da aka ɗauke su ko aka ɓoye su a cikinta ita ma ta zama ta hukuma, har da sauran kayan da aka tarar tare da su. A 2023 aka maye gurbinta da sabuwar doka, amma wannan hukunci na ƙwace abin hawa yana nan. Ma'ana, idan aka sami kayan haram a ƙarƙashin buhunan masarar wani bawan Allah, masarar ma ta shiga uku.

Ta fuskar ƙwaya abin ya fi tsanani. Dattawa za su tuna dokar soja mai lamba 20 ta 1984, wadda a ƙarƙashinta aka harbe samari uku a Legas cikin Afrilu 1985. Daga baya aka janye hukuncin kisa, aka kafa hukumar NDLEA da doka mai lamba 48 ta 1989. A 2021 aka naɗa Janar Buba Marwa mai ritaya ya shugabance ta, kuma duk mai sauraron rediyo ya san yadda kame ya ƙaru a hanyoyin Lakwaja da Mokwa da Kaduna. Dokar wannan hukuma ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi safarar hodar iblis da makamantanta, shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da ita a hannu da saninsa, haka kuma ga wanda ya haɗa baki ko ya taimaka. Ku lura da wannan kalma, wanda ya taimaka. Mai waldan da ya san abin da za a yi da aikinsa yana cikin wannan layi. Ita ma wannan doka ta ba da ikon ƙwace mota, sai dai ta yi sassauci ga mai motar da ya tabbatar wa kotu ba da saninsa ko yardarsa aka yi ba. Amma kafin a tabbatar, wata nawa mota za ta yi a ajiye tana shan rana da ruwa, lauya yana cin nasa, iyali suna cin bashi?

Abin da muka saba gani shi ne a kama mota da kaya a ciki, a gabatar da direba da yaron mota a gaban 'yan jarida, a kai su kotu. Mai kayan fa? Yana can cikin gidansa mai bene, wani lokaci direban ko sunansa na gaskiya bai sani ba, lambar waya kawai aka ba shi, wadda ana kama shi za a cire layin a jefar. Washegari a sayi wata mota, a kai wa wani mai walda, a nemi wani direba mai fama da kuɗin haya. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Ganin haka ne wasu ƙasashe suka ce a daina jiran sai an kama kaya, a tare abin tun daga gareji. A Amurka jihar Kalifoniya ta daɗe da dokar da ta haramta ƙerawa ko mallakar aljihun ɓoye da niyyar safarar ƙwaya. Jihar Ohayo ta yi tata a 2012, ta mai da shi babban laifi mutum ya ƙera irin wannan aljihu ko ya tuƙa motar da ke da shi, matuƙar ya san don ƙwaya aka yi. A can Amurka ɗin ne aka ɗaure wani mai haɗa rediyon mota, gwani a sana'arsa, fiye da shekara 24, ba don an kama shi da ƙwaya ba, sai don ya yi wa masu safara aljihu, ya kuma ci gaba da yi musu aiki bayan ya ga abin da ya isa ya gane ko su wane ne. A Ingila dokar kwastan ta 1979 ta ce duk jirgi ko motar da aka gyara don ɓoye kaya za a ƙwace ta idan aka same ta a tashar shiga ƙasa. A 2025 kuma gwamnatinsu ta kai wa majalisa ƙudurin da ya sa ƙera aljihun, ko sayar da shi, ko mallakarsa ya zama laifin da zai iya kai mutum kurkuku har shekara 5.

Sai dai a can ma abin bai tafi ba gardama ba. A 2013 'yan sandan Ohayo suka kama wani mutum a kan aljihun da aka buɗe babu ƙwaya a ciki, jama'a suka yi ta ce-ce-ku-ce a kan ko daidai ne a tuhumi mutum da rami wanda ba kowa a ciki. Amma ita dokar tasu ta keɓe akwati ko sef da mutum ya sa don adana dukiyarsa, muddin ba a sami ƙwaya ko ɓurɓushinta a ciki ba. Wannan keɓewa ita ce ta fi shafarmu.

INA MATSAYINMU?

Domin kuwa, jama'a, ba duk mai ɓoye abu a mota ne mugu ba. Falken shanu da zai tafi kasuwar ƙauye inda babu banki, babu sabis ɗin waya, ina zai sa kuɗinsa? Mai sayen doya da hatsi fa? Wanda ya ga wahalar takardar kuɗi a farkon 2023 ya san mutumin ƙauye ba ya sakin kayansa sai ya ga tsaba. A hanyar da ake tare mutane da rana tsaka, direba da yawa yana da ɗan wurin da yake cusa cinikinsa. Akwai kuma masu doguwar tafiya da suke ƙara tanki na biyu a fili don gudun layin mai. Idan aka yi doka mai faɗin baki wadda ta ce duk wani lungu a mota laifi ne, to an miƙa wa wasu marasa tsoron Allah a shingen hanya sabuwar sanda ta tatsar talaka, shi kuwa babban ɗan sumoga ya biya ya wuce.

Saboda haka matsayinmu shi ne wannan. Muna goyon bayan a fito ɓaro-ɓaro a haramta ƙera aljihun ɓoye don safarar kayan haram, a hukunta wanda ya ba da aikin da wanda ya yi shi da saninsa. Amma bisa sharaɗi uku. Na farko, laifin ya rataya a kan sani da niyya, kuma alƙali ne zai yanke, ba mai kaki a bakin titi ba. Na biyu, a buɗe hanya mai sauƙi wadda mai sef ɗin kuɗi ko mai ƙarin tanki zai kai motarsa ofishin masu duba lafiyar motoci a rubuta a takardunta, don abin da hukuma ta sani ya tashi daga ɓoye. Na uku, a kare wanda ya sayi mota hannu na biyu bai san abin da ke jikinta ba, kada kuma a yi gwanjon motar kowa sai kotu ta gama magana, kana bincike ya riƙa wuce direba ya kai ga mai kaya. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su rubuta wannan su miƙa wa wakilanmu na majalisar jiha a Minna da na tarayya, da fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja, da shugabannin ƙungiyar direbobi da ta masu motocin haya.

GYARA KAYANKA

Amma ko an yi doka ko ba a yi ba, akwai abin da ke hannunmu, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Malamanmu suna zaune a nan, su suka karantar da mu cewa a fiƙihu ba ya halatta ka sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi, ko makami a lokacin fitina. Sayar da inabi halal ne, sanin inda za shi ne ya ɓata cinikin. Haka walda take.

'Yan'uwa masu gareji, alamun ba ɓoyayyu ba ne. Mutum ya zo ba ka san shi ba, ba wanda ya turo shi, ya ce a yi aikin da dare ko a bayan gida, ya ce kada yaranka su gani, bai tsaya ciniki ba ya ninka maka kuɗi, kuma abin da yake so a yi ba gyara ba ne, ba ado ba ne. Wannan ba sai an yi maka duba ba. Ka ce masa ba ka iya ba. Muna ba da shawara kowane gareji ya ajiye littafi, a rubuta lambar mota da sunan mai ita da aikin da aka yi, duk kuwa aikin da ya shafi tsaga daɓe ko tanki a sanar da shugaban gareji. Ranar da aka zo tambaya, wannan littafi shi ne shaidarka. Kada kuma a manta da haɗari: tankin da aka tsaga aka sake haɗawa, ranar da ya yi yoyo a kan hanya ba ya tambayar wa ya sani wa bai sani ba.

Direbobi, kada ka karɓi makullin motar da ba ka san tarihinta ba a ce kai ta Kano kawai za a biya ka ninki uku. Kada a ce ka ajiye mota a wani wuri ka tafi cin abinci na awa biyu, ka dawo an ce an gama lodi. Ka tsaya a kan lodinka. Saƙo kuwa, a buɗe shi a gaban mai shi da ɗan kamasho, a rubuta sunansa da lambarsa. Wanda ya ce saƙonsa ba ya buɗuwa, ya ɗauki abinsa. Ku tuna da ɗalibar nan da ta tashi daga filin jirgin saman Kano zuwa Umara a Disamba 2018, wasu suka maƙala sunanta a jakar ƙwaya ba ta sani ba. Wata huɗu ta yi a tsare a Saudiyya, sai a ƙarshen Afrilu 2019 gaskiya ta fito aka sake ta, bayan gwamnatin tarayya ta sa baki. Direban Bagama wa zai sa masa baki? Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa aikin ba ya ganuwa. Akwai karnuka masu shinshina, akwai na'urar haska kaya, akwai ma'aikacin da ya san faɗin kowace mota da tsawonta, sabon fenti da sabuwar walda ba sa ɓuya gare shi. Fiye da duka kuma akwai tsegumi, sau da yawa ma daga cikin su masu kayan. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Masu motoci, ku san wanda kuka ba mota. Kada ku ɗora wa direba balas ɗin da kun san hanya ba za ta fitar da shi ba, domin wanda aka matse shi ne yake karɓar lodin dare. Idan za ku sayi tsohuwar mota, ku kai wa amintaccen mai bodi ya ɗaga ta ya duba ƙasa da tanki, ku karɓi takardar ciniki mai shaidu. In an ga wani abu da ba na kamfani ba, a sanar da hukuma tare da shugabanni, kada a yi shiru a ce ai ba ni na yi ba.

Iyaye, musamman iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa gani. Yaron da jiya yake yaron mota, yau ya shigo da waya ta dubu ɗaruruwa da sabon mashin, a tambaye shi. Tambayar yau ta fi zaryar kai abinci gidan yari gobe.

Daga ƙarshe, mu tuna mu mutane ne da muka zo neman halal, muka tarar da masu gari, Zage-zagi da Gwari da Koro, suka karɓe mu hannu biyu, muka zama ɗaya. Sunan da muka yi a garin nan ba a rana ɗaya aka yi shi ba, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Idan aka kama mota ɗaya aka ce a garejin Bagama aka yi mata aiki, ba mutum ɗaya za a kira ba, dukanmu za a shafa wa baƙin fenti, yaranmu masu gaskiya su riƙa kwana a shinge ana zazzage musu kaya. Muna roƙon kafin taro na gaba shugabannin gareji da na tasha su zauna su fito da ƙa'ida a rubuce, kowa ya sa hannu, wanda ya karya kuma ƙungiya ta zare hannunta daga belinsa.

Allah Ya ba mu ikon cin halal, Ya kare direbobinmu a hanyoyinsu, Ya shirya mana zuriya, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare ba da hakkinsu ba, Ya zaunar da Suleja da jihar Neja da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi.